Tazarar da Kunne Ke Iya Jurewa: Abin da Ya Sa Kiɗa Tare ta Intanet Ke da Wuya

Gabatarwa

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta wa jama'ar duniya zaman gida, makaɗa da mawaƙa a ƙasashe da dama sun zaci cewa tunda ana iya yin taro da karatu ta intanet, to, ai kiɗa ma zai yiwu. Sai suka buɗe manhajoji irin su Zoom, kowa ya ɗauki abin kiɗansa a ɗakinsa, aka ƙirga ɗaya, biyu, uku, aka soma. Kafin a je ko'ina sai kiɗan ya dagule. Wannan yana jiran wancan, wancan yana jiran wannan, gudun kiɗa yana ta raguwa har ya mutu. Bidiyoyin da aka riƙa gani a wancan lokaci, na ɗimbin mawaƙa kowa cikin ɗan akwatinsa suna rera waƙa baki ɗaya, galibinsu ba a lokaci guda aka yi su ba. Kowa ya naɗi muryarsa shi kaɗai yana bin wani kiɗa da aka aiko masa, daga baya wani ya zauna ya harhaɗa su.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa hira take yiwuwa ta intanet amma kiɗa tare ya gagara? Amsar tana tsaye ne a kan ƙafa biyu. Ƙafa ta farko tana cikin ilimin fiziks, wato saurin tafiyar sauti da haske. Ƙafa ta biyu tana cikin ilimin halittu, wato yadda kunne da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa suke auna lokaci. Wannan darasi zai nuna cewa jikin ɗan'adam ne ya kafa iyakar jinkirin da kiɗa zai iya ɗauka, kuma iyakar ƙanƙanuwa ce ƙwarai.

Ma'aunin da Za Mu Yi Aiki da Shi

Idan aka raba sakan ɗaya, wato daƙiƙa, gida dubu, kowane gida shi ake kira milisakan. Ƙiftawar ido ɗaya tak ba ta kasa milisakan 100. Lokacin da sauti yake ɗauka tun daga fitowarsa daga abin kiɗa har zuwa shigarsa kunnen mai sauraro kuwa, shi za mu riƙa kira jinkirin sauti. Ya kamata ɗalibi ya riƙe waɗannan kalmomi biyu, domin duk lissafin da zai biyo baya a kansu ya dogara.

Jinkiri Tun Kafin Zuwan Intanet

Sauti girgiza ce da ke bi ta cikin iska, kuma tafiyarta tana ɗaukar lokaci. A yanayin zafi mai awo 20 a ma'aunin Salshiyos, sauti yana cin kimanin mita 343 a sakan ɗaya. A lokacin bazara, sa'ad da zafi ya kai awo 35, gudunsa kan ƙaru zuwa kimanin mita 352. Ke nan, kowace mita ɗaya tana cin kusan milisakan 3, kowace kilomita kuma kusan sakan 3. Shi ya sa da damina muke fara ganin walƙiya, sai an jima mu ji tsawa. Haka kuma wanda ya hangi mai faskare daga nesa zai ga gatari ya sauka, sa'an nan ƙarar ta iso daga baya.

Wannan jinkiri ya daɗe yana damun makaɗa. Idan ana rera taken ƙasa a babban filin wasa, mutanen da ke can ƙarshen fili kan kasance a bayan waɗanda ke kusa da 'yan badujala, alhali kowa yana rerawa daidai da abin da kunnensa ya ji. Tsawon filin ƙwallo kimanin mita 100 ne, wato jinkirin kusan milisakan 290 daga wannan raga zuwa waccan. Saboda haka ne makaɗa a ko'ina cikin duniya suke zama kusa da juna, kuma manyan ƙungiyoyin kiɗa na Turai suke tsayar da jagora a gaba yana kaɗa sanda, domin haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba, kuma kowa zai ga saukar sandar a lokaci ɗaya.

Daga Kunne Zuwa Ƙwaƙwalwa

Isowar sauti bakin kunne ba shi ne ƙarshen tafiya ba. Girgizar iska takan kaɗa dodon kunne, shi kuma ya motsa wasu 'yan ƙasusuwa uku da ake kira guduma da maƙera da likkafa saboda kamanninsu. Likkafa ce ke tura girgizar cikin wani bututu mai cike da ruwa wanda ya naɗe kamar katantanwa. A cikin wannan katantanwar kunne akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a ka. Kimanin 3,500 daga cikinsu, waɗanda ke jere ta ciki, su ne ke mayar da motsi ya zama saƙon lantarki, su miƙa shi ga jijiyar ji mai ɗauke da zaruruwa kimanin 30,000.

A da, masana da yawa sun ɗauka saƙon jijiya yana da gudun da ba zai aunu ba. A shekarar 1850 ne wani Bajamushe mai suna Hermann von Helmholtz ya auna shi a jijiyar ƙafar kwaɗo, ya tarar bai wuce kimanin mita 30 a sakan ba. A yau an san cewa jijiyoyin ɗan'adam mafiya sauri, waɗanda ke naɗe da wani farin kitse mai suna mayelin, suna kaiwa mita 120 a sakan, waɗanda ba su da wannan kitse kuwa wasunsu ba sa wuce mita 1 ko 2. Bugu da ƙari, a duk mahaɗar da wata jijiya ta miƙa saƙo ga wata, ana ɓata rabin milisakan ko fiye. Saƙon sauti kan ratsa tushen ƙwaƙwalwa cikin ƙasa da milisakan 10, ya isa sashen ji na ɓawon ƙwaƙwalwa bayan 'yan milisakan kaɗan.

Idan aka haɗa ji da yanke shawara da aika umarni ga tsoka, lafiyayyen matashi yana bukatar kimanin milisakan 150 kafin ya motsa hannu bayan ya ji ƙara. Wannan ne ma ya sa a gasar tsere ta duniya, duk ɗan wasan da ya zabura kafin cikar milisakan 100 da tashin bindiga ake ɗaukarsa ya yi riga-malam-masallaci, domin ana ganin ba zai yiwu a ce ƙarar ce ta tashe shi ba.

Duk da wannan nawa, kunne gwani ne wajen bambance lokaci. Sautin da ya fito daga dama yakan riga isa kunnen dama kafin na hagu da abin da bai kai milisakan ɗaya ba, kuma da wannan ɗan bambanci ne ƙwaƙwalwa take gane inda sauti ya fito. Mujiya ma da irin wannan dabara take kama ɓera cikin duhu.

Makaɗi Hasashe Yake Yi

To, a nan akwai abin mamaki. Mu ɗauki kiɗa mai bugu 120 a minti ɗaya. Tsakanin bugu da bugu akwai milisakan 500. Idan mai kalangu ya raba kowane bugu gida huɗu, kamar yadda aka saba a kiɗa mai zafi, kowane gida milisakan 125 ne. Ke nan tazarar ta kasa milisakan 150 ɗin da jiki ke bukata don amsa abin da ya ji. Da a ce makaɗi yana jira ne sai ya ji bugun abokinsa sa'an nan ya buga nasa, da ba a taɓa yin kiɗa tare ba a duniya.

Abin da ke faruwa shi ne, ƙwaƙwalwa takan saurari bugu biyu ko uku, ta auna tazararsu, sa'an nan ta yi hasashen lokacin da na gaba zai zo, ta tayar da hannu tun kafin lokacin ya yi. Kunne kuma aikinsa shi ne duba sakamako: idan bugun ya ɗan riga ko ya ɗan makara, sai a gyara a bugu na gaba. Sassan ƙwaƙwalwa masu kula da motsi, har da ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya da wasu curarrun jijiyoyi da ke can ciki, suna aiki ko da mutum yana zaune yana sauraron kiɗa bai motsa ba.

Mai karatu ya dubi mata uku suna lugude a turmi ɗaya. Kowace taɓarya tana sauka a gurbin da 'yar'uwarta ta bari, har wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe ba tare da an yi karo ba. Babu wadda ke jiran ta ji saukar taɓaryar wata kafin ta ɗaga tata. Kowace tana ɗauke da agogo a ka, kunne kuma yana daidaita agogunan uku.

Masu bincike sun tabbatar da wannan hasashe a ɗakin gwaji. Idan aka ce mutum ya riƙa ƙwanƙwasa tebur daidai da ƙarar na'ura mai bugu a kai a kai, yatsansa kan riga ƙarar sauka da 'yan gomman milisakan, shi kuwa yana jin daidai yake. Idan da ƙafa yake bugawa, rigayen yakan ƙaru. Ɗaya daga cikin bayanan da masana suka bayar shi ne, saƙon taɓawa daga ƙafa ko yatsa yana da doguwar tafiya zuwa ƙwaƙwalwa fiye da saƙon kunne, don haka sai an riga bugawa kafin saƙonnin biyu su iso tare.

Wannan baiwa ba kowace dabba ke da ita ba. A 2009 masu bincike ƙarƙashin Aniruddh Patel suka nuna cewa wani aku mai suna Snowball yana iya kaɗa kai daidai da kiɗa, ya kuma sauya idan an ƙara masa gudu ko an rage. A 2013 aka nuna haka ga wata dabbar teku mai suna Ronan a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz. Birai kuwa, duk da kamanninsu da mutum, sai an sha wahalar horar da su.

Iyakar da Jiki Ya Kafa

Tunda kunne ne ke daidaita agogon makaɗa, me zai faru idan labarin da kunne ke samu tsohon labari ne? A 2004, Chris Chafe da Michael Gurevich na Jami'ar Stanford ta Amurka suka bayyana sakamakon wani gwaji mai sauƙi. Sun riƙa sanya mutum biyu a ɗakuna daban, ba sa ganin juna, kowa yana jin tafin ɗan'uwansa ta abin saurare na kunne. Aka ba su wani tafi mai shiga juna, aka riƙa sauya jinkirin da ke tsakaninsu daga kusan babu har zuwa sama da milisakan 70.

Sun gano cewa gudun tafi ya fi tsayawa daram idan jinkirin yana wajen milisakan 11.5. Idan ya kasa haka, masu tafi kan riƙa ƙara sauri ba su sani ba. Idan ya haura, sai su riƙa rage gudu, kuma iya ƙaruwar jinkiri iya ƙaruwar raguwar. Abin lura shi ne, milisakan 11.5 daidai yake da tazarar kimanin mita 4 cikin iska, wato irin tazarar da ke tsakanin mutane biyu a zaure ɗaya.

Dalilin raguwar gudu a fili yake. A ce Audu yana Kano, Bala yana wani gari, jinkiri tsakaninsu milisakan 50 ne. Sun buga a lokaci ɗaya, amma kowa ya ji bugun ɗan'uwansa ya makara. Sai Audu ya ɗan jinkirta don ya jira Bala, shi ma Bala ya jinkirta don ya jira Audu. Idan kowane bugu ya ƙaru da milisakan 50, kiɗan da aka soma da bugu 120 a minti zai koma kimanin 109, kuma matsalar ba ta gushe ba, domin har yanzu kowa yana jin ɗayan a baya. Kowannensu zai rantse cewa ɗayan ne ke jan ƙafa, alhali babu mai laifi.

Daga irin waɗannan gwaje-gwaje ne masana suka tsayar da cewa kiɗa mai bugu yana bukatar jinkirin da bai wuce milisakan 25 zuwa 30 ba a tafiya ɗaya. Wannan daidai yake da tazarar kimanin mita 10 cikin iska. Kiɗa mai sanyi da jan sauti yakan jure fiye da haka, kiɗan ganga mai zafi kuwa yakan so ƙasa da haka. Hira ta bambanta, domin ba a magana tare, karɓa-karɓa ake yi. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ba da shawarar cewa jinkirin tarho har zuwa milisakan 150 ba ya hana yawancin mutane hira cikin natsuwa. Ke nan, abin da ya wadatar da mai hira ya ninka abin da makaɗi zai jure sau biyar ko shida.

Inda Lokaci Ke Zurarewa a Intanet

Yanzu mu ɗauki milisakan 25 ɗin nan tamkar kuɗin cefane, mu ga yadda ake kashe su.

Na farko, mayar da sauti lambobi. Makirufo yakan mayar da girgizar iska ta zama lantarki, kwamfuta kuma ta riƙa auna ƙarfin lantarkin sau 48,000 a kowane sakan. Ba a aika awon ɗaya bayan ɗaya, sai an tara su ƙunshi-ƙunshi. Lamarin kamar motar haya ne a tasha: ƙaramar mota nan da nan take cika ta tashi, babbar bas kuwa sai an daɗe ana jira. Ƙunshi mai awo 128 yana cika cikin milisakan 2.7, mai awo 512 kuwa sai ya ɗauki milisakan 10.7. Ana biyan irin wannan kuɗi wajen aikawa, a kuma sake biya wajen karɓa.

Na biyu, matse sauti. Manhajojin hira kan matse sauti don ya yi sauƙin aikawa, su tace hayaniya, su kashe amsa-kuwwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana cin lokaci, shi ya sa jinkirinsu yakan haura milisakan 100.

Na uku, tafiyar kanta. Saƙonnin intanet galibi suna bi ta cikin zaren gilashi a matsayin haske. Gudun haske a sarari kimanin kilomita 300,000 ne a sakan, amma a cikin gilashi yakan ragu zuwa kimanin 200,000. Wato kowace kilomita 1,000 tana cin milisakan 5.

Na huɗu, mararraba. Ƙunshin saƙo yakan ratsa na'urorin raba hanya da dama, kuma idan an yi cunkoso sai ya bi layi. Saboda haka wasu ƙunsosai kan iso da wuri, wasu a makare. Don kada sauti ya riƙa yankewa, kwamfutar mai karɓa takan tara kaɗan kafin ta soma sakewa, kamar yadda mai famfo mai yawan ɗaukewa yake tara ruwa a tanki. Girman tankin shi ne kwanciyar hankali, amma shi ne kuma ƙarin jinkiri.

Na biyar, 'yan mitocin ƙarshe. Wi-Fi da layin wayar hannu suna da saurin canzawa, abin saurare na Bluetooth kuwa shi kaɗai yakan cinye milisakan 100 ko fiye. Hatta zama mita 2 daga lasifika ƙarin milisakan 6 ne.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Kamfanoni kan tallata intanet mai sauri, amma abin da suke nufi shi ne yawan kayan da hanya ke iya ɗauka a sakan. Faɗin titi daban, tsawon tafiya daban. Sauti mai kyau da ba a matse ba bai bukaci fiye da kimanin megabit ɗaya da rabi a sakan ba. Faɗaɗa titin Kano zuwa Legas zai rage cunkoso, amma ba zai matso da Legas kusa ba.

Lissafi: Daga Kano Zuwa Landan

A ce mawaƙi yana Kano, makaɗinsa yana Landan. Saƙon zai gangara Legas, tafiyar kilomita 1,000 ko fiye, wato aƙalla milisakan 5. Daga nan ya shiga ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarƙashin teku. Igiyar MainOne, wadda ta soma aiki a 2010, tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne daga Legas zuwa Fotugal, wato milisakan 35. Tun ba a ƙarasa Ingila ba, kuma tun ba a lissafa na'ura ko ɗaya ba, an kashe milisakan 40. Kuɗin cefane sun ƙare, har an ci bashi.

Tauraron ɗan'adam irin na da, mai tsayuwa a saitin wuri ɗaya a nisan kilomita 35,786, ya fi muni, domin hawa da sauka kaɗai sun kai kusan milisakan 240. Taurarin Starlink, waɗanda suka soma aiki a Nijeriya a Janairun 2023, suna shawagi ne kusa da doron ƙasa sosai, don haka jinkirinsu ya ragu ƙwarai, sai dai yakan hau ya sauka. Ko da za a ƙera na'urorin da ba sa ɓata lokaci ko kaɗan, milisakan 25 ba za su kai haske cikin gilashi fiye da kilomita 5,000 ba. Wannan iyaka ce ta halitta, babu injiniyan da zai tsallake ta.

Har wa yau, hanyar da saƙo ke bi tana da muhimmanci. Mutum biyu a gari ɗaya, idan layukansu na kamfanoni daban ne, saƙonsu na iya zuwa Legas ko ma Turai kafin ya dawo. Maganin wannan shi ne cibiyoyin musayar saƙo na cikin gida, irin cibiyar IXPN da aka kafa a Legas a 2006, wadda daga baya ta buɗe rassa a wasu birane. Idan hanya ta miƙe, Kano da Zariya ko Kano da Abuja suna cikin iyakar da kunne zai jure.

Dabarun da Aka Ɓullo da Su

Masu iya magana suna cewa, idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Dabaru uku aka fi amfani da su.

Ta farko ita ce tsimi, wato rage jinkiri a kowane mataki: haɗa kwamfuta da waya maimakon Wi-Fi, amfani da ƙananan ƙunsosai, da barin matse sauti mai cin lokaci. Manhajar JackTrip ta Jami'ar Stanford da manhajar Jamulus, wadda Volker Fischer ya soma a Jamus a 2006, a kan wannan tafarki suke. Haka nan tsarin LoLa na makarantar kiɗa ta Trieste a Italiya, wanda a 2010 ya haɗa masu kaɗa piyano biyu, ɗaya a Trieste ɗaya a Faris, ta layin intanet na jami'o'i.

Ta biyu ita ce jagora da mabiya. Ɓangare ɗaya ya yi kiɗansa ba tare da sauraron kowa ba, sauran su bi abin da ya iso musu, sa'an nan a daidaita muryoyin a wuri ɗaya don masu sauraro. An yi haka a bikin buɗe wasannin Olamfik na hunturu a Nagano ta Japan a 1998, inda marigayi Seiji Ozawa ya jagoranci mawaƙa da ke Jamus da Ostareliya da Amurka da Sin da Afirka ta Kudu. Na'ura ce ta riƙa tsare muryar da ta riga isowa har sai ta ƙarshe ta iso.

Ta uku ita ce ƙara jinkirin da gangan. Manhajar NINJAM, wadda ta fito a 2005, takan riƙe sautin kowa har sai zagayen kiɗa ɗaya ya cika, ta yadda kowane makaɗi yana bin abin da abokansa suka buga a zagayen da ya wuce. Bugu yana faɗuwa kan bugu, ko da yake babu mutum biyu da ke jin abu iri ɗaya. Wannan dabara ta fi dacewa da kiɗa mai maimaita zagaye.

Gwaje-gwaje Don Aji

Gani ya kori ji. Malami zai iya gudanar da waɗannan ba tare da sayen komai ba.

1. Ɗalibai biyu su juya wa juna baya a fili, tazarar mita 3, su yi tafi tare na sakan 30, na uku yana ƙirgawa. A maimaita a mita 10 da 20 da 40. A rubuta adadin tafin kowane zango, a lura da inda gudu ya soma raguwa.

2. Ɗalibi ya tsaya a raga ɗaya ta filin ƙwallo ya haɗa katako biyu da ƙarfi, sauran suna kallo daga ɗaya ragar. Su bayyana abin da ya riga isowa, su lissafa jinkirin.

3. Ɗalibai 20 su yi da'ira su riƙe hannu, ido a rufe. Na farko ya matsa hannun na kusa da shi, kowa ya miƙa da zarar ya ji. A auna lokacin zagaye, a raba gida 20.

4. A kira wata waya daga wata a cikin aji ɗaya, a tafa kusa da ta farko, a saurari lokacin da tafin zai fito ta biyu.

Kammalawa

Mun ga cewa makaɗi yana buga abin da ƙwaƙwalwarsa ta hango, kunnensa kuma yana gyara masa da abin da ya ji. Wannan gyara yana aiki ne kawai idan labarin da kunne ke samu bai tsufa da fiye da milisakan 25 zuwa 30 ba. Intanet tana iya cika wannan sharaɗi tsakanin garuruwa makusanta idan an shimfiɗa zaren gilashi, an kuma haɗa layuka a cikin gida. Tsakanin nahiya da nahiya kuwa, gudun haske ya hana, sai dai a sauya tsarin kiɗan. Wannan lissafi ya shafi duk aikin da hannu ke yi daga nesa bisa abin da ido ko kunne ya kawo, kamar tiyata ta na'ura ko tuƙa jirgi marar matuƙi. Ɗalibin da zai shiga ɗaya daga cikin waɗannan fannoni zai bukaci sanin gudun jijiya kamar yadda zai bukaci sanin gudun haske.

Tambayoyi

1. Idan ka ga walƙiya, ka ji tsawa bayan sakan 6, mene ne nisan wurin?

2. Milisakan nawa ƙunshi mai awo 256 zai ɗauka kafin ya cika, idan ana awo sau 48,000 a sakan?

3. Bayyana dalilin da ya sa makaɗa biyu masu jinkiri a tsakaninsu suke rage gudu.

4. Idan na'urori sun cinye milisakan 12 daga cikin 25, kilomita nawa na zaren gilashi suka rage?

5. Me ya sa mai buga ƙafa yakan riga ƙarar na'ura fiye da mai buga yatsa?